Idan Shahon Kifi Ya Zuba Maka Ido, Ja Da Baya

Akwai wani irin hoto da ke yawo a Facebook da Instagram kowace shekara, daga Afrilu zuwa Yuli. Shahon kifi ne a sama, fukafukai a buɗe, baki a wangame, idanunsa kyam a kan mai ɗaukar hoton, ga sheƙa can ƙasa da shi. Jama'a su yi ta yabo, wai an ɗauko shi a daidai. Ni kuwa in na ga irin wannan hoto raina ɓaci yake yi. Tsuntsuwar da ke ciki uwa ce da aka tasa daga kan ƙwanta, ihun da take yi kuma da mai kyamarar take. Duk daƙiƙar da ta yi a sama, ƙwai na can yana hucewa, hankaka kuma na bisa reshe yana jiran sa'a.

Tsuntsun nan ba baƙonmu ba ne, ko da yake ba kowa ke lura da shi ba. Masana suna kiransa Pandion haliaetus. Ya ɗan ɗara shirwa, bayansa ƙasa-ƙasa mai duhu, cikinsa fari tas, kansa fari da baƙin zane da ya ratsa ta ido. In ya buɗe fukafukai sukan kai mita ɗaya da rabi, har su wuce. Kada a haɗa shi da babbar mikiyar nan mai farin kai da farin ƙirji wadda ake jin kukanta a bakin kogi shekara zagaye. Ita 'yar gida ce, shi kuwa ɗan ci-rani ne. Yakan iso mana bayan damina ta ɗauke, ya zauna a Kainji, da gaɓar Kwara da Binuwai, da fadamun Haɗeja da Nguru, da Tafkin Chadi, sannan wajen Maris ya juya arewa. Waɗanda suke haihuwa a Birtaniya galibi Senegal da Gambiya suke sauka, tafiyar kimanin kilomita 5,000. Na Finlan da Suwidin su ne sukan gangaro har Najeriya da Kamaru. Abu guda ne ba ya yi a wajenmu: ba ya sheƙa. Saboda haka zancen sheƙa na can ne, kuma a Sikotlan zan tsaya, don a nan ne mutane suka koyi darasin da wahala.

A ƙarni na 19 masu kuɗin Birtaniya sun ɗauki tara ƙwan tsuntsaye da busassun fatunsu abin alfahari. A wani tafki mai suna Loch an Eilein akwai kangon tsohuwar fada a kan tsibiri, inda shahon kifi ya daɗe yana sheƙa. Wani mutum, Lewis Dunbar, shekara da shekaru yana shiga ruwan nan mai sanyin ƙanƙara cikin dare, ya yi iyo har tsibirin, ya hau bango, ya kwashe ƙwan a hularsa, ya kai wa masu tarawa. Wasu kuma bindiga suke sa wa iyayen. Haka aka yi ta yi har tsuntsun ya ƙare. Ingila ta rasa shi tun wajejen 1840, a Sikotlan kuma 1916 ake lissafawa a matsayin shekarar sheƙar ƙarshe.

Sai 1954 aka sake samun mace da namiji sun yi sheƙa kusa da Loch Garten, ba wanda ya kawo su. Ɓarayin ƙwai kuwa ba su tuba ba. A 1958, duk da masu gadi suna kwana a wurin, wani ya lallaɓa cikin duhu ya hau itacen, ƙwan shekarar ya salwanta. A nan ne George Waterston, shugaban ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB a Sikotlan, ya yi abin da mutane da dama suka ɗauka ganganci ne. A 1959 aka naɗe gindin itacen da waya mai ƙaya, aka sa gadi dare da rana, da ƙwai ya ƙyanƙyashe kuma sai ya shelanta wa duniya inda sheƙar take, ya ce kowa ya zo ya gani. Amma da sharaɗi: hanya ɗaya za a bi, a rumfa ɗaya za a tsaya, can nesa, a kalla ta madubin hangen nesa. Mutum 14,000 suka zo cikin 'yan makonni, 'ya'ya uku kuma suka tashi lafiya. Yau ana da wajen sheƙa 300 a Birtaniya. A ganina duk ladabin ɗaukar hoton wannan tsuntsu daga shawarar Waterston ya samo asali. Bai hana mutane kallo ba, ya dai tsayar musu da inda ƙafarsu za ta tsaya.

To me ke faruwa a cikin sheƙar da har ake wannan tsanani? Namiji ne yakan riga dawowa daga Afirka, ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, ya koma tsohuwar sheƙarsa ya shiga gyara. Ba sa canja gida. Sheƙa ɗaya sukan yi ta ɗora wa itatuwa shekara bayan shekara har ta zama tuli a ƙololuwar bishiya. Akwai wata mace a Loch of the Lowes, kusa da Dunkeld, da aka sa wa suna Lady, wadda ta yi shekara 24 tana dawowa sheƙa ɗaya, daga 1991 zuwa 2014, ta kuma yaye 'ya'ya 50 a ciki. Ka ga wanda ya kori tsuntsu daga irin wannan wuri ba kakar bana kaɗai ya ɓata ba.

Macen takan saka ƙwai biyu ko uku, tsakanin kowane da na bayansa kwana biyu zuwa uku, ta yi kwanci na wajen kwana 37. Afrilun Sikotlan kuwa ba wasa ba ne: iska mai ratsa ƙashi, ruwan sama, wani sa'in har dusar ƙanƙara ta rufe tsuntsuwar tana kwance, sai kai kaɗai ake gani. A irin wannan yanayi in ta tashi ta daɗe a sama, abin da ke cikin ƙwan zai iya mutuwa ba tare da an ga alamar komai ba. Mai hoto ya koma gida da murna, makonni biyar bayan nan a ce sheƙar ba ta ƙyanƙyashe ba, ba wanda zai tuna da shi. Wannan shi ne mugun abin da ke cikin lamarin, ɓarnar ba a gabanka take bayyana ba.

Bayan ƙyanƙyasa ma hatsarin sauya kama kawai yake yi. A makonnin farko 'ya'yan ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu, uwar ce bargonsu in ana ruwa, ita ce inuwarsu in rana ta take. Cefane duk a wuyan namiji yake. Shi ke zuwa su, ya kawo kifi sau huɗu ko biyar a yini, wani lokacin fiye, uwar ta yayyaga ta rarraba. In ya iso da kifi ya hango mutum tsaye inda bai saba gani ba, ba zai sauka ba. Sai ya yi ta zagaye da kifin a ƙafa, ko ya tafi wani reshe ya cinye abinsa. Can wajen mako na shida zuwa na bakwai, lokacin da gashi ya fito amma fiffike bai gama ƙwari ba, firgici na iya sa ɗan ya yi tsalle daga sheƙa kafin lokacinsa. Wanda ya faɗo ƙasa a daji kuwa, dila ya samu kalaci.

Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne tsuntsun ba ya ɓoye damuwarsa. Macen da hankalinta ke kwance takan lafe a sheƙa, ta gyara gashi, ta jujjuya ƙwai da baki, ta yi gyangyaɗi. In ka ga ta miƙe wuya, gashin jikinta ya kwanta ya manne, ta daina duk abin da take yi ta zuba maka ido, to ka riga ka shigo mata gida. Mataki na gaba shi ne kuka, wani siririn fito mai kaifi da take jerawa, yana ƙara sauri yana ƙara tashi. Da jin wannan kuka 'ya'yan za su kwanta lamo a ƙasan sheƙa kamar ba rai. Daga nan sai tashi da zagaye a kanka. Masu gadin sheƙa da na zauna da su duk bakinsu ɗaya a kan wannan: ba a jiran kuka, a kan kallon farko ake ja da baya. A juya a bi hanyar da aka biyo, ba gudu, ba tsayawa waiwaye, a yi nisa har a ɓace mata, don sau da yawa ba za ta koma ta kwanta ba sai ta ga bayan mutum.

Na taɓa ganin abin da idona daga wata rumfar kallo. Muna zaune tsit, macen tana kwance, sai wani mai doguwar kyamara ya bar hanya can gefen tafki ya kutsa cikin ciyayi, yana sanɗa, a zatonsa ba a gan shi ba. Mu da ke rumfa ma ba mu lura da shi ba sai da muka ga kan tsuntsuwar ya juya. Ita ta nuna mana shi. Kafin wata dattijuwa mai aikin sa-kai ta fita ta kira shi, macen ta tashi, hankaki biyu kuma sun bar inda suke sun matso reshen da ke kusa. Allah ya sa namijin yana nan, shi ya fatattake su. Mutumin da ya dawo ba ya da alamar mugunta, cewa ya yi shi masoyin tsuntsaye ne. Na yarda da shi. Yawancin masu wannan ɓarna a yau masoya ne, ɓarayin ƙwai sun yi ƙaranci.

Doka kuwa ba ruwanta da so. A Birtaniya dokar kare namun daji ta 1981 ta sa shahon kifi cikin jerin tsuntsayen da ke da kariya ta musamman. Laifi ne a dame shi, da gangan ko da ganganci, yana gina sheƙa, ko yana kan ƙwai, ko yana tare da 'ya'yan da ba a yaye ba, hukuncin kuma tara ce ko ɗaurin da zai iya kai wata shida. Wanda ke son ɗaukar hoto kusa da sheƙa sai ya nemi lasisi daga hukuma, a Sikotlan NatureScot ke bayarwa, kuma ba a ba wanda bai nuna ya ƙware ba. Tazarar da hukumar ke ba da shawara a bari tsakanin mutum da sheƙa ta kama daga mita 350 zuwa 750, gwargwadon wuri da halin tsuntsayen. Kada kuma a ɗauka zamanin mugunta ya wuce gaba ɗaya: a ƙarshen Afrilun 2021, a Llyn Brenig da ke Wales, wasu sun shiga cikin dare da zarton inji suka sare turken da sheƙa ke kai, bayan macen ta saka ƙwanta na farko. Shi ya sa mai hankali ba ya rubuta sunan wuri a ƙarƙashin hoton sheƙar da ba a riga an bayyana wa jama'a ba, yana kuma kashe abin da ke liƙa wa hoto bayanin inda aka ɗauke shi, don waya da kyamarorin zamani da yawa suna yin haka ba a sani ba.

Yanzu bari mu yi lissafin da masu sayar da kyamara ba sa son yi. A ce kana da gilashi mai milimita 600, irin dogon nan da ake gani a bakin filin ƙwallo, wanda kuɗinsa ya isa sayen mota. A ce kana mita 300 daga sheƙa. Tsuntsu mai tsawon santimita 60 zai fito a cikin kyamarar da tsawon milimita ɗaya da 'yan kai, a kan fili mai faɗin milimita 36. Wato ɗigo ne a tsakiyar hoto. Ƙara da hucin zafi da ke tashi daga ƙasa ko ruwa in rana ta ɗaga, wanda ke sa komai ya yi ta rawa, sai ka ga ko ɗigon bai fito tsaf ba. Saboda haka in ka ga hoton sheƙa ya cika fili har ana ƙirga gashi, ɗayan huɗu ne: ko mai lasisi ne, ko kyamarar da aka girke tun kafin tsuntsayen su dawo, ko rumfar da hukuma ta amince da ita, ko kuwa an taka doka.

Rumfunan nan su ne mafita ta farko. A Loch of the Lowes tsakanin rumfa da sheƙa kimanin mita 150 ne kacal, ruwa a tsakani, tsuntsayen kuma ba su damu ba, don shekara da shekaru abin da suke gani ke nan: gini a wuri ɗaya, motsi a bayan taga, ba wanda ya taɓa ƙetarowa. Haka abin yake a Rutland Water da ke tsakiyar Ingila, inda aka kawo 'ya'ya 64 daga Sikotlan tsakanin 1996 da 2001, aka kuma samu ƙyanƙyasar farko a 2001. Abin da ke firgita shahon kifi shi ne sabon abu, da abin da ke nufo shi kai tsaye. A gaɓar gabashin Amurka za ka same shi ya yi sheƙa a kan turakun tashar jiragen ruwa, mutane na kai da kawo a ƙarƙashinsa. Ɗan'uwansa na ƙurmin Sikotlan kuwa mutum ɗaya a kan tudu can nesa ya isa ya tashe shi. Don haka lambar mita jagora ce kawai, alƙalin gaskiya shi ne halin tsuntsuwar da ke gabanka. A irin wannan rumfa, mai ƙaramin ƙarfi ma yana iya ɗora wayarsa a bakin madubin hangen nesa ya samu hoto mai kyau, musamman da sassafe kafin iska ta yi zafi. Mota ma maɓoya ce: tsuntsaye da yawa ba sa tsoronta matuƙar ba a buɗe ƙofa an fito ba.

Dabarar ɓuya tsohuwa ce a wannan sana'a. 'Yan'uwan nan biyu, Richard da Cherry Kearton, waɗanda suka yi fice wajen ɗaukar hoton tsuntsaye a Ingila tun wajejen 1890, har fatar sa suka sa aka ɗinka musu a kan katako, mutum ya shige ciki da kyamara, kwatankwacin yadda maharbanmu ke ɗaura kan burtu a goshi su sanɗi nama. Magabatan sana'ar suna da wata dabara kuma: mutum biyu su tafi bukka tare, ɗaya ya shige, ɗayan ya juya ya tafi a fili, tsuntsu ya ɗauka kowa ya watse. Amma wannan aikin masu lasisi ne, kuma ko su sun sha wuya. Eric Hosking, wanda ya zama sarkin masu hoton tsuntsaye a Birtaniya, a 1937 yana hawa bukkarsa kusa da sheƙar mujiya a Wales ta kai masa akaifa a fuska. Garin neman gira ya rasa idon hagu, har ya mutu da ido ɗaya yake aiki. Jirgi maras matuƙi kuwa ba sai na ɓata baki ba. A wajen uwa mai kwanci, abin da ya zo ta sama maƙiyi ne, za ta tashi ta kai masa hari, farfelarsa kuma tana yanka ƙafa.

Ra'ayina, wanda na san wasu abokan sana'a ba za su so ba, shi ne hoton sheƙa ma bai kai wahalarsa ba. Tulin itace ne da kai yana leƙowa. Inda shahon kifi yake nuna kansa shi ne wurin su, can nesa da 'ya'yansa, inda ba abin da za ka ɓata masa. A Rothiemurchus kusa da Aviemore, da wata gonar kifi a Horn Mill kusa da Rutland Water, an gina bukkoki dab da ruwa, masu hoto suna biya su shiga. Masu gonar da a da suke ganin tsuntsun ɓarawo ne, yanzu shi ke kawo musu baƙi. Ana shiga tun da duhu, wajen ƙarfe huɗu na asuba, don a Yuni gari da wuri yake wayewa a can, ba kuma a fitowa sai an ba da izini. Sanyi na cinka, ƙananan ƙwarin nan masu cizo na Sikotlan suna cinka, ba halin ko tari.

Sai ya iso. Yakan tsaya cik a sama yana kaɗa fukafukai, kai a sunkuye. Sannan ya naɗe su ya sulmiyo, dab da ruwa ya miƙo ƙafafu gaba har su wuce baki, ya faɗa da ƙarar da za ta sa gabanka ya faɗi. Wani lokacin duk jikinsa yake nutsewa. Hancinsa na da abin da ke rufe shi a ruwa. Sai ka ga fukafukai a shimfiɗe a kan ruwa, yana huci, kifi na ja ƙasa shi yana ja sama. Tafin ƙafarsa ƙaya-ƙaya ne don kada kifi ya sulluɓe, yatsansa na waje kuma yana juyawa baya, ya riƙe da biyu gaba biyu baya. In ya ɓalle daga ruwan ya ɗan hau, sai ya girgiza jiki a sama, ruwa ya watsu, ya juya kifin kai gaba don iska kada ta tare shi, ya miƙe. Duka abin bai wuce 'yan daƙiƙu ba. Sai kyamara mai saurin ƙiftawa, kashi ɗaya cikin 2,000 na daƙiƙa ko fiye, kuma a kashe ƙararta in tana da wannan dama. A cikin dukan hotunan da za ka samu a nan ba ko ɗaya da yake kallonka, kifinsa yake kallo.

Wannan ɓangare na rayuwarsa kuwa mu ke da shi, wata biyar ko shida a shekara. 'Ya'yan da suka tashi a watan Agusta su kaɗai suke ƙetare Sahara, ba uwa ba uba, kuma ba sa komawa Turai sai sun kusa shekara biyu, ka ga ƙuruciyarsu duk a Afirka suke yinta. A nan ba ƙwan da zai huce, amma tsuntsun da ya sha tafiyar hamada yana bukatar ya ci kifinsa a natse. In ka gan shi a kan busasshen itace a tsakiyar ruwa, ka ce wa mai kwalekwale ya kashe inji, ya bi ta gefe, kada ya nufe shi. In ya daina ci ya ɗago kai, nan ne iyakarku.

Sannan ka dubi ƙafarsa da kyau. Masu bincike a Turai suna sa wa 'ya'yan zoben roba mai lamba tun suna sheƙa. Na Birtaniya shuɗi ne da farin rubutu: in a ƙafar hagu yake ɗan Sikotlan ne, in a dama ɗan Ingila ko Wales. Sauran ƙasashe ma kowace da launinta. Hoton da lambar ta fito a ciki, ko bai yi kyau ba, yana gaya wa masana sheƙar da tsuntsun ya fito, da shekarunsa, da cewa ya rayu. Ɗan'uwa mai kyamara a Yawuri ko Nguru ko Baga, in ka dace da irinsa, rubuta rana da wuri, ka aika wa cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos, ko gidauniyar Roy Dennis da ke riƙe da rajistar zobban Birtaniya.